Kar ka ci bashi saboda makirufo, matsalar ba a nan take ba

Saƙon da zan amsa yau daga wani ƙanina ne mai sana'ar naɗar murya, yana karanta littattafai ana saurare, yana kuma ɗan taɓa talla da fodkas. Saƙon nashi da tsawo amma ga jigon maganar. Ya fara ne da wayar hannu, daga baya ya sayi ƙaramin makirufo mai shiga kwamfuta ta USB, sai ya ƙara tara kuɗi ya sayi Rode NT1-A haɗe da akwatin sautin da ake jona shi a jiki. Kwanan nan wani mai ba shi aiki ya dawo mishi da abun da ya naɗa, yace muryar tana fita kamar daga cikin ɗakin da babu kaya, ya ɗauke aikin ya kai ma wani. Abun ya taɓa shi sosai. Yanzu ya ƙudurta sai ya sayi Neumann U87, wanda kuɗinshi ya ninka na wanda yake da shi fiye da sau 10, kuma ba zai iya ba sai ya ci bashi ya haɗa da ajiyar da shi da matarshi suka daɗe suna yi. Ita kuma tace ita fa ko tsakanin na biyu da na uku ba ta ji wani bambancin kirki ba balle na huɗu, har ta kai sun kwana biyu magana ba ta haɗa su sosai. Tambayarshi ita ce, ita ce ba ta san kan sana'ar ba, ko shi ne ke neman yin ganganci?

Toh ƙanina sannu, wallahi na san akwai ciwo a dawo ma mutum da aikin da ya hana idonshi barci a kai, musamman aikin murya, domin murya ba kamar sauran kayan sana'a ba ce, daga jikinka take fita, in aka kushe ta sai ka ji kamar kai aka kushe. Amma bari in faɗa maka tun kafin mu yi nisa, kar ka ci bashin nan, kar kuma ka taɓa ajiyar nan. Ba wai don U87 ba shi da kyau ba, yana da kyau ƙwarai, tun 1967 kamfanin Neumann na Berlin ya fito da shi kuma har gobe manyan sitidiyo na duniya suna ji da shi. Dalilina shi ne ba zai warkar da ciwon da kake da shi ba, ina ma tsoron ya ƙara fito da shi fili.

Ka koma ka sake karanta abun da mutumin nan ya faɗa maka. Bai ce muryarka tana tsatsa ba, bai ce akwai shuuu a ƙarƙashin maganar ba, bai ce sautin yana fashewa ba. Cewa yayi kamar daga ɗakin da babu kaya. Wannan amsa-kuwwa kenan, kuma amsa-kuwwa ba makirufo ke haifar da ita ba, bango ne da silin da daɓen ƙasa da gilashin taga. In ka buɗe baki sautin ba makirufo kaɗai yake nufa ba, ko'ina yake watsuwa, ya daki bango ya dawo, ya daki wancan ya sake dawowa, duk cikin ƙiftawar ido tunda gudun sauti a iska wajen mita 343 ne a daƙiƙa ɗaya, shi kuma makirufo ba ruwanshi, duk abun da ya iso gabanshi ɗauka yake, bai san wannan muryarka ce ta asali ba wannan kuma wadda bango ya maido ce. Makirufo mai tsada aikinshi kenan ya ɗauko abun da ke wurin da gaskiya, toh in abun da ke wurin ɗaki ne mai kuwwa, abun da zai baka kenan, kuwwa mai tsabta. Kaga an bar jaki ana dukan taiki.

Na fahimci dalilin da ya sa zuciyarka ke raya maka cewa sabon makirufo ne mafita, domin ya taɓa zama mafita da gaske. Ranar da ka bar waya ka koma na USB ɗin nan ka ji canji babba, ba ƙarya ba ne, kowa ma ya ji. Ita waya ƙaramin makirufonta don kira aka yi shi, kuma tana taɓa sautin da kanta, ta rage nan ta ƙara can ta danne hayaniya har ta danne wani abu daga muryar, ga shi yawanci nesa da baki ake ajiye ta. Da ka koma NT1-A ka sake jin canji, amma tsakani da Allah bai kai na farko ba ko kusa, shi ne wanda kai ka ji don kunnenka ya saba, matarka kuma ba ta ji ba. Toh na gaba ɗin da kake hari ƙasa da wannan zai zama, kuɗin kuma shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Haka abun yake tafiya, kuɗin farko ya sayi kaso mafi girma na ingancin, kuɗin da ya biyo baya yana ta ƙaruwa abun da yake sayowa yana ta ƙanƙancewa, kuma akwai dalilin da ya sa haka, ba camfi ba ne.

Abubuwan da ke sa a ce makirufo ba shi da kyau ba su da yawa. Ko dai yana da hayaniyar kanshi, wannan shuuu ɗin da ake ji ko da ba wanda ke magana, ko yana murɗe sauti in an ɗaga murya, ko kuma yana kumbura wani ɓangare na sautin ya cinye wani. Waɗannan matsaloli injiniyoyi sun daɗe da shawo kansu. Tun 1916 E. C. Wente ya ƙirƙiro makirufo irin na kondensa a Amurka, wato irin su naka da U87, a 1962 kuma Gerhard Sessler da James West na Bell Labs suka fito da samfurin ilektiret wanda ya sa ake iya ƙera shi da yawa da araha, kaga fasahar ba sabuwa ba ce, an kwashe shekaru ana goge ta har ta sauko inda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye. Bari ma in baka lissafin da zai baka mamaki a kan abun da ke hannunka. Hayaniyar kai ta NT1-A ɗinka desibel 5 ce a takardar kamfanin (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), ta U87 Ai wanda ake sayarwa yanzu kuwa desibel 12 ce in an saita shi yana ɗauka ta gaba. Wato a wannan ma'auni naka ya fi shi shiru. Kuma duk biyun ma ba su ne abun dubawa ba, tunda ɗakin da mutum zai ce shiru ne tsit a gidan zama yakan kai wajen desibel 30, fanka da firji da motar da ke wucewa sun riga sun binne wancan bambancin tun kafin ka danna maɓallin naɗa.

Za ka ce toh me mutane ke saye da wannan uban kuɗin, ai ba wawaye ba ne. Gaskiya ne ba wawaye ba ne. U87 yana da saiti 3 na ɗaukar sauti, ta gaba kaɗai, ko ta kowane ɓangare, ko gaba da baya, wanda sitidiyon da yau zai naɗi mawaƙi gobe ƴan amshi jibi mai kiɗa yana buƙatar haka. Ana haɗa shi a Jamus da tsananin kula ta yanda in ka sayi guda biyu za su yi sauti kusan iri ɗaya. Ana iya gyara shi bayan shekaru masu yawa, in ka tashi sayarwa ba ya faɗuwa warwas, yana da wani ɗan launi a tsakiyar murya da injiniyoyi suka saba da shi suka san yanda za su sarrafa shi, sannan akwai suna, mai sitidiyon haya in ya rubuta yana da shi kwastoma na shigowa. Duk waɗannan abubuwa ne na gaske. Amma ka duba su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka wanne ne a ciki zai hana bangon ɗakinka maido da murya. Kai mutum ɗaya ne a gaban makirufo ɗaya kana karatu, saiti ɗaya kake amfani da shi, biyu daga cikin ukun can za ka biya kuɗinsu ne kawai ka ajiye.

Ka kuma lura da wani abu. Shure SM57 da ya fito a 1965, makirufo ne na gama-gari da ko ƙananan masu kiɗa suna da shi, amma shi ne ake dasawa a gaban shugabannin Amurka in za su yi jawabi tun zamanin Lyndon Johnson, kuma ba kuɗin sayen wanda ya fi shi ne ba su da shi ba. Injiniya Bruce Swedien da ya naɗi kundin Thriller na Michael Jackson a 1982, yana da manyan makirufo iri-iri a hannunshi amma ya ɗauko Shure SM7 ya naɗi yawancin muryar da shi, don shi ya dace da muryar. Ban kawo maka waɗannan don in ce ka je ka sayi Shure ba, a'a, so nake ka ga waɗanda suka fi kowa sanin aikin nan ba da tsada suke zaɓe ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, domin nan ne ribar take kuma kyauta ce. Nisan bakinka da makirufo. Sautin da ke fitowa kai tsaye daga bakinka yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da ka ninka nisa, amma kuwwar ɗaki ita kusan ƙarfinta ɗaya ne a ko'ina cikin ɗakin, ba ta damu da inda ka tsaya ba. Ma'ana in kana karatu daga santimita 40 sai ka matso zuwa 20, muryarka ta samu desibel 6 a kan kuwwar, in ka ƙara matsowa zuwa 10 ta samu 12, sai ka rage ƙarfin ɗauka a akwatin sautin, muryar ta koma daidai yanda take, kuwwa da ƙarar fanka su kuma su nutse ƙasa. Wallahi babu makirufon da za ka saya a duniya ya baka desibel 12 na wannan gyaran don kawai yana da tsada. Yawancin masu karatun littafi ba su sani ba suke ja da baya, an fara a kusa, in an yi nisa a karatu a jingina da kujera, ko a sunkuya ana kallon takarda a kan tebur, baki ya bar makirufo, shikenan ɗaki ya shigo. Ka ɗaga rubutun ya zama a saitin idonka, ka kuma sa makirufon a kan ƙarfe mai hannu yanda zai zo inda bakinka yake ba kai ka bi shi ba.

Sai dai matsowar tana da nata sharaɗi. Makirufo mai ɗauka ta gaba in ka matso shi sosai yana kumbura kaurin murya, wani lokaci ya yi daɗi irin na ƴan rediyo, wani lokaci ya yi yawa maganar ta cushe, kuma haruffan da ke fesar da iska irin su f da b da t za su dinga bugun shi bum bum. Maganin wannan ɗan raga ɗin nan ne da ake sawa a gaba, sannan ka ɗan karkatar da makirufon gefe kaɗan yanda iskar bakinka za ta wuce ta gefenshi ba ta doke shi a fuska ba, karkatarwar nan tana kuma rage kaifin s da sh da ts, waɗanda ke zaune a wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz (Hz ma'aunin kauri da sirantar sauti ne, ƙaramar lamba kauri, babba siranta) inda irin makirufonka yake da ɗan haske dama. Ka fara daga kamar tsawon tafin hannu, ka naɗa, ka saurara, ka matsa kaɗan, ka sake. A manhajar da kake gyara sauti, ko Audacity ce ta kyauta, ka yanke duk abun da ke ƙasa da 80 Hz, muryar namiji daga wajen 85 take farawa ta mace kuma daga wajen 165, abun da ke ƙasa da haka rugugin mota ne da girgizar tebur.

Sai ɗakin kanshi. Ka tsaya a inda kake naɗa ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi ka saurari abun da ya biyo bayan tafin, in ka ji wani ziiing ko wutsiyar sauti tana bi, toh abun da mai aikin nan ya ji kenan. Abun da ke shanye kuwwa shi ne abu mai laushi mai kauri, bargo mai nauyi, katifa, labule mai ninki, kafet, kujerar kushin, kayan sawa da ke rataye, har kantar littattafai tana taimakawa don tana wargaza sautin. Mutane da yawa suna kuskure a nan, sai su lulluɓe bangon da ke bayan makirufo su bar wanda ke bayansu, alhali makirufon ta baya ne ya fi kurumta, fuskarshi kai take kallo da bangon da ke bayanka, duk abun da ya dako wancan bangon ya dawo ta kan kafaɗarka kai tsaye cikinshi zai faɗa. Don haka bayanka ne farko, sai gefe da gefe, sai saman tebur in mai tauri ne ka shimfiɗa mishi wani abu. Kar ka zauna a tsakiyar ɗaki cif, kar kuma ka manne a lungu.

Kuma dan Allah kar ka cire kuɗin daga makirufo ka zuba su a siririn soson nan mai tudu-tudu da ake mannawa a bango don yana kama da na sitidiyo a hoto. Soso mai kaurin santimita 2 ko 3 siraran sautuka kaɗai yake kamawa, kaurin muryar ya wuce shi kamar babu, domin igiyar sauti ta 200 Hz tsawonta ya kai mita 1.7, ina ɗan soso zai tare ta, ƙarshenta ɗakin ya rasa haske amma ya ci gaba da yin gum gum kamar cikin akwati. Kwalin ƙwai ma da ake yawan faɗa ba ya aikin kirki. In za ka kashe kuɗi, alluna masu kaurin wajen santimita 10 da aka cusa ma audugar dutse ko ta gilashi aka rufe da yadi, ka ɗan bar rata tsakaninsu da bango, guda kaɗan a wuraren da suka dace sun fi soso cike da ɗaki, kuma kafinta zai iya haɗa maka su. Ka sani kuma duk wannan kuwwar ciki yake gyarawa, ba ya hana ƙarar waje shigowa, ita wannan sai bango mai nauyi da toshe kafofin ƙofa da taga, abu mafi sauƙi shi ne ka zaɓi lokacin da gari ya yi shiru ka kashe fanka na ɗan lokacin da kake naɗa.

Wani zai ce maka ka sayi dainamik, wani nau'in makirufo daban da kondensa, irin Shure SM7B ko Electro-Voice RE20 wai su ba sa jin ɗaki. Akwai ƙamshin gaskiya amma ba yanda ake zuzutawa ba, babban sirrinsu shi ne an yi su ne a yi magana baki dab da su, kaga mun dawo kan maganar nisa. Kuma SM7B sautinshi a raunane yake fita, yana son akwatin da zai iya ɗaga shi da wajen desibel 60, in naka bai kai ba sai ka sake sayen wani abu, kashe kuɗi ya jawo kashe kuɗi. Ka bar wannan tukuna sai ka gama da ɗaki.

Ka tuna kuma da inda aikinka ke ƙarewa. Ba a sitidiyo ake sauraronka ba. Fayil ɗin za a matse shi ya koma MP3 ko makamancinsa, a ɗora a intanet, wani ya kunna a lasifikar waya wadda ko kaurin murya ba ta iya fitarwa da kyau, wani a mota, wani da iyafis yana tafiya a titi. Ɗan launin da ya bambanta makirufo mai kyau da mai kyau sosai yawanci a hanya yake zubewa, amma kuwwa da ƙarar fanka da bugun iska su ba sa zubewa, har kunnen mai sauraro suke rakiya. Ka duba ACX, dandalin da ake miƙa littattafan sauti na Audible, sharuɗɗansu a rubuce suke, hayaniyar ƙasa kar ta wuce -60 dB (dB shi ne desibel), ƙololuwar sauti kar ta haura -3 dB, matsakaicin ƙarfi tsakanin -23 da -18 dB, fayil MP3 na 192 kbps ko sama. Duk a ciki babu inda suka ce sai da makirufo kaza. Abun da ke kayar da mutane a wurin shi ne rashin shirun ɗaki, kuma makirufon da ke gabanka yanzu ya isa ya tsallake in ɗakin ya yarda.

In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, kuma ban ga laifinka ba in ba ta kwanta ba, toh kar ka yarda da ni, ka gwada. Ka biya kuɗin awa ɗaya a sitidiyon da ke da U87, ka tafi da naka makirufon, a jera su gefe da gefe nisa ɗaya, ka karanta shafi guda a naɗa da su a lokaci ɗaya. Abu mafi muhimmanci a daidaita ƙarfinsu cif, domin kunnen ɗan adam duk wanda ya ɗan fi ƙara ko da desibel 1 ne sai ya ce shi ya fi daɗi, da yawan bidiyoyin gwaji da kake kallo nan suke yaudarar mutane ba tare da ma sun yi niyya ba. Sai ka ba wani ya canza ma fayilolin suna ya cakuɗa su yanda ba ka san wanne ne wanne ba, ka saurara sau 10 kana rubuta zatonka, a hedfon sannan a waya. Mai yiwuwa ka gane bambancin a hedfon, kunnenka na sana'a ne. Amma abun da nake so ka kula da shi daban ne, ka ɗauki naɗin da aka yi da makirufonka a sitidiyon ka kwatanta da wanda kayi da shi a gida. Makirufo ɗaya, murya ɗaya, ɗaki ne kawai ya canza. Ina da yaƙinin ratar da za ka ji a nan za ta fi wadda ke tsakanin makirufo biyun nesa, kuma daga ranar ba sai wani ya sake yi maka bayani ba.

Maganar matarka kuma, ƙanina kar ka ce ba ta san kan sana'a ba. Ita ce ma ta fi kusa da mai sauraronka fiye da kai, domin masu sauraronka ba injiniyoyi ba ne, mutane ne irinta, in ta ce ba ta ji bambanci ba toh rahoto ta baka na gaskiya wanda kamfanoni kuɗi suke biya su samu. Kuma ajiyar nan taku ce ku biyu, ta hana kanta abubuwa kafin ta taru, ba daidai ba ne ka ɗauke ta a kan abun da kai kanka ba ka tabbatar zai dawo da kuɗin ba. Ni a ganina ma ba makirufon ne ya fi ɓata mata rai ba, ganin ka yanke hukunci kai kaɗai ne. Ka same ta ka faɗa mata abun da ka faɗa min, cewa an ƙwace maka aiki kuma abun ya tsorata ka, don na lura a saƙonka ka yi ta maganar makirufo amma tsoron ne ke ƙasa, tsoron ko ba ka isa ba, ko waɗanda ke samun aikin sun fi ka wani abu da kuɗi ke saye. Wannan tsoron ba abun kunya ba ne, duk mai sana'ar da ya damu da aikinshi yana jin shi, sai dai bashi ba ya kashe shi, ƙara mishi nauyi yake, ka zo kana karatu kana tunanin ranar biya, kuma murya ba ta ɓoye damuwa, makirufo mai kyau ma ya fi saurin tona ta. Ka sa ta cikin gwajin nan, ita ta cakuɗa maka fayilolin, ita ta riƙe takardar amsa.

Shi kuma mutumin da ya dawo da aikin, kar ka ɗauke shi abokin gaba, ya yi maka abun da da yawa ba sa yi, su shiru kawai za su yi su daina kira. In ka gyara ɗakin ka naɗi minti ɗaya daga wancan rubutun nashi ka tura mishi, kace ka ji gyaran da yayi maka ga yanda sautin ya koma, ba tare da roƙo ko dogon bayani ba. Ko bai dawo ba ka samu sabon samfurin da za ka nuna ma wasu.

Ban ce har abada kar ka sayi babban makirufo ba. Lokacinshi na zuwa in ɗakin ya yi shiru ya daina kuwwa, aiki yana shigowa a kai a kai, kuɗin kuma daga ribar aikin suka fito ba daga bashi ko ajiyar gida ba, ko kuma wani babban kwastoma ya ce lallai da irin wannan yake so don sautin ya dace da sauran naɗin da suke da shi, wanda yana faruwa a harkar talla da fassarar fim, amma ko a nan hayar sitidiyo na ranar ta fi sauƙi sai in abun ya zama kullum. In ranar ta zo ka gwada da muryarka kafin ka biya, domin akwai muryar da U87 ba ya yi ma kyau, kuma ka saya a wurin dila amintacce don jabun manyan makirufo sun yi yawa a kasuwa, wasu sai an buɗe ciki ake ganewa.

A satin nan dai abun da nake so kayi kaɗan ne, ka rataya bargo mai nauyi a bayanka, ka matso da makirufon zuwa tsawon tafin hannu ka ɗan karkatar da shi, ka kashe fanka, ka saita ƙarfin ɗauka yanda in ka ɗaga murya ba zai wuce wajen -12 dB a manhajar ba, ka sake karanta shafin nan da aka dawo maka da shi. Sai ka kunna ma matarka tsohon da sabon ba tare da ka gaya mata wanne ne wanne ba, ka turo min abun da tace. Allah ya buɗa maka, ya kuma daidaita tsakaninku.